Ƙofar da Na Liƙe a Layinmu

Ni mai walda ne, kuma duk layinmu an san aikina: in ɗiga nan, in ɗiga can, fenti ya rufe sauran. Shekara talatin ina haka, babu wanda ya kai ni ƙara.

Rigimar daga lasifika ta fara. Masallacinmu ya ƙaro biyu, cocin ƙarshen layi ta ƙaro uku. Sai aka ce wani ya zagi addini. Har yau ban ga wanda ya ji da kunnensa ba, amma ni ma na ba da labarin sau huɗu, har da ƙari. Kwana biyu ana ƙone-ƙone. Mutum bakwai aka binne, ciki har da mai gyaran takalmi, kurma ne, bai ma san abin da ake yi ba.

Da abin ya lafa, dattawa suka ce a raba layin da ƙofar ƙarfe, mu nan, 'yan coci can, a liƙe ta. Na yi aikin ina huci, na rantse musu ko tankar yaƙi ba za ta karya ta ba.

Bayan wata uku, da tsakar rana, naƙuda ta kama 'yata, jini ya ɓalle mata. Unguwarzomar da ta karɓi haihuwar 'ya'yana duka matar bakanike ce, gidansu taku ashirin bayan ƙofar. Zagaye kuwa awa guda ne, ga shingen sojoji. Na ɗauko injin yankan ƙarfe, babu wuta.

Haka na tsaya ina kiran bakanike ta tsakanin ƙarafa, mutumin da na daina gaisarwa. Ya fito, matarsa na biye da jakarta. Na gaya masa ƙofar ba za ta buɗu ba, don wannan karon saboda Allah na yi aikin.

Ya kankare fentin da sifana, ya duba waldar.

"Maƙwabci, matsa gefe," in ji shi. "Ko saboda Allah ne, ai hannun naka ne."

Sau biyu ya doki ƙofar da ƙafa, ta faɗi.

'Yata ta tashi, jikar mace ce. Washegari dattawa suka zo a mayar da ƙofa, na ce sai an kawo wuta. An kawo ta ya fi sau ɗari, kullum ina gaya musu ƙarfinta bai isa walda ba. Matata ta ce a duk ibadata, wannan ha'incin kaɗai take sa ran zai cece ni.