Igiyar Guga

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, ni ba abin da nake so a duniya kamar in shiga jirgin ƙasa. Na bar makaranta, na taɓa faci, na taɓa kafinta, ko'ina zama ya gagare ni. Sai aka ce ƙungiyar ƙwallon kwandonmu ta Gyaɗi-Gyaɗi za ta je wasa Kaduna, a jirgi. Gurbi ɗaya ya rage, tsakanin ni da abokina Mu'azu.

Kocinmu Oga Obiechina ne, haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Kullum kafin mu taɓa ƙwallo sai mun miƙa jijiyoyi, sannan ya raba mana igiyoyi mu yi tsalle.

Na ce, "Oga, tsallen igiya fa? Ga 'yan talla suna kallo."

"To, Isyaku, da me za ka ƙarfafa ƙafar?"

Na naɗe hannun riga na nuna masa damtse. A lokacin ina dakon bulo a gine-ginen Tarauni.

Ya matsa damtsen, ya jinjina kai. "Madalla. Idan ka yi tsalle sai ka dira a kan wannan." Ya sunkuya ya kama idon sawuna. "Kara biyu ɗauke da rumbu. Targaɗe na jiranka. Wanda bai yi igiya ba, ba shi ba Kaduna."

Mu'azu ba shi da kunya, a gaban kowa yake tsallensa. Ni kuwa na yanke in yi nawa a gida, inda ba mai gani. Igiya ɗaya ce a gidanmu, ta guga. Da hantsi na kwance ta na koma bayan ɗaki. Jiƙaƙƙiya ce, ga nauyi, kowane juyi sai ta zane ni a ƙwauri.

Inna ta biyo sahun ruwan da ya ɗiga ta same ni.

"Ikon Allah! Tukunya na kan wuta, guga na kwance ba igiya, ashe ƙato ne ke gaɗa."

"Motsa jiki ne, Inna."

"To, in ka gama motsawa ka cika mini randuna. Kullum. In ba haka ba in kira maƙwabta kallo."

Haka muka shirya. In yi tsalle har ƙafata ta ɗau zafi, in mayar da igiya, in ja ruwa. Ƙanwata Husaina, mai tallar gyaɗa, ita ce ta zama alƙaliya. "Yaya, a kan yatsu ake dira, ba kamar buhun gero ba. Sassauta gwiwa!" Na roƙe ta kada zancen ya fita. Ta ce Allah ya kiyaye.

Ranar zaɓen mai cike gurbin, Oga ya miƙo mini igiyarsa. Bayan ta guga, wannan kamar zare. Na yi ta juyawa har ya ɗaga hannu. Sannan ya haɗa ni da Mu'azu a ƙarƙashin kwando. Ƙwallo ta bugi ƙarfe ta dawo, muka tashi tare, na cafke. Da zan sauko, na dira a gefen ƙafarsa. Idon sawuna ya karkace. Sai ya dawo daidai. Na taka, na sake takawa. Lafiya ƙalau.

Oga ya durƙusa ya lallatsa wurin. "Watan jiya da ɗaukar ka za mu yi zuwa wurin mai ɗori. Shirya kayanka."

Mu'azu ya ba ni hannu, ya ce in kawo masa burodin Kaduna. Ina cikin murna sai na ji 'yan talla sun ajiye farantai a bakin fili, suna tafi suna kiran "Ɗan Guga! Ɗan Guga!" Husaina ce a gaba.

Na shiga jirgin, na samu wurin taga. Kafin mu kai Zariya, har mai duba tikiti da sunan yake kirana.