Jauharin da Ya Fashe

Liman Siddiƙu ya nuna wa ɗansa Hayatu bakin tabarma ba tare da ya dube shi ba. A gefe, Tambari dillalin fatu ya harɗe ƙafa yana jan carbi da sauri. Shi ya kawo saƙon unguwa: ko Liman ya kori ɗansa daga gida, ko jama'a su daina bin sa salla.

Tun da Hayatu ya fara koyarwa a makarantar Nasara ake kallonsa a kaikaice. Shi kansa Liman ya sha shinshina rigarsa a ɓoye, ko zai ji warin taba.

"An ce ka gaya ma yara dutse da ruwa da mutum duk abu guda na," in ji Liman. "Mi kac ce?"

"Baba, cewa niy yi komi da ƙananan ƙwayoyi anka gina shi. In ka yi ta raba gishiri, za ka kai ga ƙwayar da ido ba ya gani."

Liman ya ji sanyi har cikin ransa. Ashe wannan ne! Ya juya ga Tambari yana murmushi.

"Ai wanga jauharul fardi na, ƙwayar da ba ta rabuwa. Cikin tauhidi munka karanta shi tun ba mu da gemu. Nasara wurinmu sunka tsince shi."

Tambari ya ɓata fuska, ya fara laluben takalmansa. Da Hayatu ya yi shiru a nan, da magana ta mutu. Amma yaron kan uwarsa ya ɗauko, ba ya ganin ƙofa ko an buɗe masa ita.

"Sai dai, Baba, tana rabuwa. Turawa sun hwasa ta. Akwai cibiya tsakiya, da wasu 'yan mitsi-mitsi masu zagaya ta. Sauran duk fili na, babu komi."

Tambari ya saki takalmin, ya gyara zama.

Liman ya dubi ɗansa kamar baƙon da ya shigo gida ba sallama. Wa ya shuka masa wannan? Tsoro ya kama shi, da haushi, amma ya sake miƙa masa igiya.

"Kai ka gani da idonka? Ko hira ta kaj ji, kake maimaitawa?"

"Ban gani ba."

"To, ka ji, Tambari. Hira ta."

"Amma na yarda, Baba."

Tambari ya miƙe, a wannan karon da takalmansa a hannu. "Bai gani ba, ya yarda. Liman, mu gaibu guda munka sani. Ɗanka ya samo na biyu. Mi za ni ce ma jama'a?"

Liman ya daɗe yana kallon Hayatu. Ya nemi ƙarya a fuskar, da ya samu da ya huta. Taurin kai kawai ya gani.

"Ka ce musu yaron na nan gida, ba ni korar shi."

Da Tambari ya fita, ladan ya kira Azahar, ya sulale ya tafi abinsa. Liman ya yi alwala, ya shiga masallaci, ya jira har ƙafafunsa suka gaji. Babu wanda ya shigo sai Hayatu, wanda ya tsaya can baya inda sahu yake farawa.

Liman ya waiwaya.

"Matso nan, dama da ni. In mamu guda na, nan aka tsayawa."