Sababbin Rigunan Masana'antar Sabulu

Manaja ya san da ƙyar masana'antar sabulunsa ke numfashi. Abin da ya riƙe ta kawai shi ne harajin da gwamnati ke ɗora wa sabulun waje. Ga shi kuma ƙasar na neman shiga ƙungiyar ƙasashen yankin, inda kaya ke ƙetare iyaka ba haraji, har ƙungiyar ta turo masu bincike su ga ko tattalin arzikinta zai jure.

Shi kuwa Manaja, gara ya kwana da yunwa da baƙo ya ga gazawarsa. Ya sa aka shafe bango da fenti, aka lulluɓe matacciyar tukunyar dafa sabulu da tamfol, ya aro injin yanka wajen surukinsa. Ma'aikata suka sha sababbin riguna. Har Baffa, ƙanin mahaifinsa da ya tsufa a bakin tukunya, matasan ma'aikata suka riƙa tsokanarsa da ango.

Shugabar masu binciken, wata dattijuwa mai tabarau, ta zagaya ko'ina tana gyaɗa kai. A bakin ƙofa ta tsaya.

"Manaja, faɗa mini gaskiya. In aka buɗe iyaka, za ku iya gogayya da na waje?"

Jami'in gwamnati da ya rako su ya kafe shi da ido. Ma'aikata na jere sun kasa kunne. Gaskiyar ta zo masa har maƙogwaro, ya haɗiye ta.

"Ranki ya daɗe, ko gobe aka buɗe, a shirye muke."

Da sakamako ya fito, an karɓi ƙasar. Masana'antun da aka samu da rauni, irin ta ashana da ke maƙwabtaka, wadda mai ita ko shara bai yi wa baƙin ba, aka bar musu kariyar haraji ta wasu shekaru. Ta sabulu kuwa aka yaba mata, aka ce ba ta buƙata.

Kafin shekara ta zagayo, sabulun waje ya cika kantuna, ga araha ga ƙamshi.

Ranar da aka rufe masana'antar, Manaja ya tsaya a bakin ƙofar nan, baƙin ciki ya hana shi haɗa ido da kowa. Ma'aikata suka riƙa wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Baffa ne ƙarshen fitowa. Ya miƙa masa wani abu a naɗe cikin leda.

"Ga rigarka, ɗana," ya ce. "Sau ɗaya na sa ta. Ka duba, ko za ta sayu."