Kwalbar da Ba Ta da Suna

Na'urar ta nuna mini lambar da ban taɓa gani ba a jami'a: ƙasa da sifili. Na sa kwalba ta biyu, haka. Ta uku ma haka. Jinin mutum tara, kuma wai duk kitsen jininsu, wato kolestarol, bai kai babu ba.

Na duba sinadarin da ake haɗawa da jinin, bai lalace ba. Minti goma na ɗumama kwalaben, kowace ta yi jaja-jaja yadda ya kamata. Na kashe na'urar na kunna, na goge gilashina. Na sake aunawa, haka.

Damuwata ba mutum taran nan kaɗai ba ce. Da safe na ɗebi jinin Baba a gida, bayan Umma ta yi wata guda tana fama da shi kan soyayyen nama. Ya ce idan awo ya nuna wani abu zai daina. Kunya ta hana ni gaya wa Madam, shugabar ɗakin gwajin, sai na saka kwalbarsa a layi ban rubuta komai a jikinta ba.

"Shiru-shiru, lafiya kike zare ido?" in ji Madam, da laƙabin da ta sa mini. Ta leƙa allon, ta tuntsire da dariya. "Yau aljanu muke aunawa?"

"Wallahi Madam, ban gane ba."

"Da me kika saita sifili?"

A ɗakinmu, kwalba ɗaya ce ba a rubuta wa suna: mai sinadari zalla, babu jini, wadda ake fara ba na'ura ta san inda sifili yake. Hannuna ya saba, ba na ma dubawa. Na nuna mata wadda na yi amfani da ita.

Ta ɗaga ta a hasken taga. Ja ce wur. Ta ainihin tana ƙarshen layi, fara tas.

"Wannan jinin wa ne?"

"Na Babana ne," na ce, murya can ƙasa.

Dariyarta ta tsaya. "To na'ura ba ta yi ƙarya ba. Kin ce mata nan ne sifili, ta ga duk sauran ba su kai shi ba."

Sai a lokacin na gane. Cikin taran har da mai ciwon zuciya, amma kitsen jinin Baba ya fi na kowa.

Wayata ta yi ƙara a aljihu. Baba ne.

"Likitar gidanmu! In sa a soya, ko?"

Madam ta miƙo mini farar kwalbar. "Sake daga farko."

"Baba, ka ɗan dakata tukuna," na ce.