Rediyon da Ke Gudun Baba

Mahaifina, Alhaji Waliu, ya tsufa a kan sitiyarin tirela tsakanin Kano da Ikko, kuma duk Fagge an san shi da abu biyu: taurin kai da rediyo. Shekarar da sojoji suka koma bariki, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a wurin alwala, ya tafi da hannunsa da ƙafarsa na dama, amma ya bar masa waɗancan biyun yadda suke. Likita ya faɗa mini a gabansa cewa a riƙa kawo shi asibiti gashin ƙashi a kai a kai, domin a watannin farko ne jijiya take jin magana. In aka yi sake ta sandare, sai dai haƙuri.

Baba ya ce ba ya zuwa. Dalilinsa shi ne gashin da safe ake yi, shi kuma da safe yake jin labarai daga tashoshin waje. Ya ce ya jira mulkin farar hula har gemunsa ya yi fari, ba zai yarda a riƙa yin sa yana cikin mota kamar buhun gero bai san abin da ake ciki ba. Na roƙe shi, mahaifiyata Inna Risikat ta roƙe shi, limamin unguwarmu ta Kwaciri ya zo ya yi nasa, Baba ya yi kunnen uwar shegu da mu duka. Da na matsa, sai ya ce, "Ran da motarka ta yi magana kamar rediyona, Fatai, zo ka ɗauke ni."

Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Rediyon tsohuwar Fijo ɗina tashoshin gida kawai yake kamawa, Baba kuwa ya ce waɗannan bakin gwamnati ne. Na shiga da nasa na hannu cikin motar, ina tayar da inji ya ɗauki shuu da ƙarƙar, ba ka jin ko kalma ɗaya. Sai na tafi Sabon Gari wurin Celestine, mai wayarin ɗin motoci, wanda muka yi firamare tare, kuma tun ina da babur shi yake duba mini wuta.

Celestine ne ya gaya mini an fara kawo wani rediyo mai kamawa kai tsaye daga tauraron ɗan'adam, ba ruwansa da ƙarar inji. Muka same shi a wani shago a Titin Ibrahim Taiwo. Na gida ne, ba na mota ba, amma Celestine ba ya jin an ce abu ba zai yiwu ba. Ya ɗaure shi a ƙarƙashin dashbod, ya ja masa wuta daga batir ta fiyus ɗinsa daban, ya haɗa muryarsa da sifikun motar. Eriyar kuwa wata 'yar aba ce faffaɗa kamar murfin ƙaramar tukunya. Ya manna mata maganaɗisu, ya ɗora ta a bayan rufin motar, ya bi da wayarta ta cikin robar ƙofa. Yana murɗawa murya ta fito tas, sai ka ce mutumin yana zaune a kujerar baya.

"Abu ɗaya take so," in ji Celestine, "ta ga sama. In ka shiga ƙarƙashin gada ko rumfar kwano za ta ɗauke, kana fita za ta dawo."

Na koma gida ina ji da kaina. Inna ta fito ta leƙa rufin motar, na nuna mata eriyar. Ita ce za ta riƙa ɗaure keken guragu na Baba a kariyar saman mota, don ta yi shekaru tana ɗaure kayan kwanuka zuwa kasuwannin ƙauye, kuma ba ta yarda da ƙullin kowa ba. Na ce mata, "Inna, wannan abar tana da tsada, kuma ba ta da ƙwari. Ki kula keken kada ya fasa ta." Ta ce to.

Washegari na shiga ɗakin Baba na yi masa wanka, na sa masa kaya, na goyo shi zuwa mota. Kafin in fito Inna ta gama aikinta: keke a sama, tabarma a lulluɓe, igiya ta ƙullu tam. Na zaunar da shi a gaba, na tayar da mota, na murɗa rediyo da irin murmushin wanda ya ci gardama. Shiru. Fitilarsa tana ci, amma ko tari bai yi ba. Na kashe na kunna, na girgiza waya, na ce bari mu fita daga lungu wataƙila gine-gine ne. Muna isa bakin layi, inda tsofaffin direbobi abokan Baba suke zama a gindin darbejiya, suka miƙe suna ta yi masa sannu. Baba bai dube su ba. Ya ce da ni, "Juya."

Na juya, na goye shi na mayar ɗaki, Inna ta sauke kaya. Na figi mota sai Sabon Gari, zuciyata tana tafasa. Ina tsayawa a gaban shagon Celestine na ce ya zo ya ji abin da ya haɗa mini. Ya sa hannu ya murɗa, murya ta cika titi. Ya dube ni, na dubi rediyo. Wallahi da abin yana da fuska da na mare shi.

Daga nan muka shiga wahalar da har yau in na tuna nake jin ciwon kai. Celestine ya ce wataƙila wayar eriya ce robar ƙofa take matsewa, ya canza ta. Ranar asibiti ta zo, Baba ya shiga, shiru. Celestine ya ce wataƙila wuta ce take raguwa in an tayar da inji da sanyin safiya, ya sake jan waya mai kauri, ya goge kan batir. Shiru. Na tambaye shi ko tabarmar da Inna take rufawa ce, ya ɗauko kwali ya ɗora a kan eriyar, ya ƙara da rigarsa, rediyo bai fasa magana ba. Ya ce busasshiyar tabarma ba ta tare komai. Na canza wurin ajiye mota, na fito da ita fili inda babu ko reshe a sama. In na gwada da yamma ni kaɗai, ya yi ta zuba kamar 'ya'yan kanya. In Baba ya shiga da safe, sai rediyon ya zama bebe. Kullum a gindin darbejiyar nan tafiyar take ƙarewa, da sannu-sannun abokansa da kalmar nan ɗaya, juya.

Unguwa ba ta rasa masu fassara. Wata maƙwabciya ta ce jikin Alhaji ne yake da wani abu, tun yana tirela aka dafa shi, ƙarfe ba ya aiki kusa da shi. Wani ya ce in yi wa motar hayaƙi. Na kusa yi, don wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Abin da ya fi ci mini rai yana cikin ɗaki. Yatsun Baba sun fara lanƙwashewa zuwa tafin hannu. Inna tana zama ta shafa musu man zafi tana miƙar da su ɗaya bayan ɗaya, tana saki su koma. Ina kallo ina tuna maganar likita, tsoro yana kama ni, tsoron kuma yana komawa fushi. Fushin nan na kwasa na kai wa Celestine a gaban mutane. Na ce ya mayar da ni abin gwaji, na ce hannun mahaifina yana mutuwa shi yana wasa da wayoyi. Na faɗi wasu maganganun da suka fi waɗannan zafi.

Bai rama ba. Ya goge hannunsa da tsumma ya ce, "Fatai, duk lokacin da ka kawo motar nan lafiyarta ƙalau. To ni zan je inda take ciwon. Yaushe ne asibiti?"

Ranar da na faɗa masa ya zo Kwaciri da sassafe a kan babur ɗinsa. Ya gaida Inna, ya kunna rediyo, rediyon ya yi magana, ya kashe. Na shiga shirya Baba, shi kuma ya zauna a dakali. Da na fito goye da Baba na zaunar da shi, sai na ga Celestine tsaye ya riƙe igiyar, Inna tana riƙe da ɗaya bakin, ba ta son saki.

"Mama, don Allah ki bari Fatai ya gani," ya ce.

Ya yaye tabarmar. Ga keke a naɗe a gaba, a bayansa kuma, daidai kan eriyar, ga babban daron silba na Inna a kife, ya rufe ta ruf kamar an rufe tuwo. Tudun da nake gani a ƙarƙashin tabarma ina cewa tayar keke ce, ashe daro ne. Celestine ya kunna rediyo, shiru. Ya ɗaga daron, murya ta fito. Ya mayar, ta ɗauke.

Inna ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. A gidanmu babu abu mai daraja da yake zaune a buɗe: talabijin tana da rigarta, keken ɗinki yana da tasa, har agogon bango an yi masa leda. Ta ce, "Kai ka ce ba ta da ƙwari. Keken nan ƙarfe ne, hanya kuma ramuka. Da me zan kare ta in ba da daro ba?" Ta fara gane abin da ya faru kafin in buɗe baki. Me zan ce wa matar da take tashi tun asuba tana ɗaga ƙarfe sama don mijinta ya warke? Ni ne ban taɓa gaya mata abin da Celestine ya gaya mini ba. Na gaya mata tsadar, na manta da saman.

Celestine ya cire eriyar ya dawo da ita can gaba kusa da gilashi, inda keke ba ya kaiwa, ya ɗaure wayar. Inna ta ɗauki daronta ta rungume a ƙirji, ta tsaya a bakin ƙofa. Na ba Celestine hannu, na fara ba shi haƙuri, ya ce in bari sai na dawo.

Na shiga mota. Mai karanta labarai yana bayani a kan majalisa, muryarsa garau. Na ce, "To Baba, ga ta nan ta yi magana."

Na sa giya. Yana kallon gaba ya ce, "Tun ranar farko na ji ƙarar daron nan a kan rufi. Na kwana da rediyo a mota kafin a haife ka, na san eriya ba ta son murfi."

Na taka birki. Makonnin da na yi ina zarya tsakanin Fagge da Sabon Gari, zagin da na yi wa abokina, yatsun nan da suka dunƙule, duk suka taso mini lokaci ɗaya. Ban taɓa jin haushin mahaifina irin na wannan safiya ba. Na ce, "Kana sane ka yi shiru? Baba, hannunka ne fa."

"Na sani," ya ce. Ya nuna bakin layi da haɓa, inda abokansa suka riga suka hango motar suna shirin miƙewa. "Waɗancan, rabinsu ni na koya musu tuƙi. Da tirela nake wucewa ta gabansu in danna musu ham. Yanzu a goye ake fito da ni, su tashi su ce sannu Alhaji." Hawaye ya gangaro ta ɓarin fuskar da ba ya motsi, bai iya ɗaga hannun ya share ba. "Ƙara murya, Fatai. Ƙara sosai."

Na murɗa har sifikun suka fara rawa. Muka wuce gindin darbejiya, bakunansu suna motsi, hannuwansu a sama, ba mu ji komai ba sai labarin majalisa. Bai ce in juya ba.

Haka muka riƙa wucewa duk ranar gashi, da murya a ƙure har mu fita babban titi, sannan ya yi mini alama in rage. Ƙafar ta ji magana. Kafin azumi ya zagayo yana taka ta da sanda zuwa masallaci, har yakan tsaya a gindin darbejiyar a yi gardamar siyasa. Hannun ne muka makara. Inna ba ta daina shafa masa man zafi ba, tana miƙar da yatsun ɗaya bayan ɗaya, tana saki su koma. Daron kuwa ban ƙara ganin ta yi aiki da shi ba.