Bishiyar da Aka Tuɓe wa Mayafi

Bishiyoyin ƙaron da Kunthea ta gada wurin uwarta ba su taɓa barinta da yunwa ba. A gindin kowace akwai ramin da aka sassaƙa tun zamanin kakarta. Takan kwashe ƙaron da ya taru, ta ɗan kunna wuta a ramin don sabo ya tsatso, masu kwale-kwale su saya su liƙe ɓaraka. Amma masu injin yankan katako sun faro dajin daga gabas suna ci, har manyan bishiyoyinta suka rage saura ɗaya, wadda a jikinta uwarta ta koya mata aikin.

Ƙara kam an kai har an gaji. Jami'an gandun daji sukan zo, su cika ciki da shinkafa da daddawar kifi, su ɗauki hoto, su kama gabansu.

Sai dattawan ƙauyen suka ce a shigar da bishiyoyin cikin zuhudu, kamar yadda ake shigar da mutum ya zama malamin haikali. Malaman haikali suka shigo daji suna karatu, suka ɗaura wa kowace babbar bishiya mayafi ruwan goro irin nasu. Duk wanda ya sare mai mayafi, tamkar malami ya kashe. Kunthea ta koma gida hankalinta kwance.

Abin da ba wanda ya tuna shi ne, a cikin koren daji ba abin da ake hangowa daga nesa kamar ruwan goro. Da can masu sara sai sun sha yawo kafin su sami itace mai kyau. Yanzu ga shi an zaɓa musu, har da alama.

Wata safiya ta ji kukan inji ta wajen bishiyarta. Ta yar da gwangwanin ƙaronta ta ruga, iya gudun tsohuwa. Kafin ta isa an gama. Wanda ke tsaye da injin kuwa Rithy ne, ɗan ƙanenta, magidanci da 'ya'yansa.

"Kai Rithy! Malami ka kashe?"

"Haba Gwaggo, wane malami? Sai da na durƙusa na nemi gafararta, na tuɓe mata mayafin, na ninke shi tsaf. Ai ni ma na yi zuhudun nan na fito, kin manta?"

"Kai da bakinka ka ce za ka fita. Ita ta ce maka?"

"Gwaggo, in ban sare ba, gobe wasu za su sare. Gara dai ta faɗo a hannun na gida."

"Na gida! Ubanka a inuwarta aka yaye shi, marar kunya."

Ya sunkuyar da kai. Abokan aikinsa suna ta ɗaure gungumen a bayan tarakta, ba wanda ya ko dube ta. Ta so ta tsine masa, sai ta ga ƙashin wuyansa a waje, ta tuna gonarsa da fari ya ƙone bana. Ta rasa wanda za ta zaga. Ta juya za ta kama hanyar gida.

"Gida da nisa, Gwaggo," in ji shi a hankali. "Zo ki hau."

Ba wurin zama sai kan gungumen. Ya kama hannunta, ta hau ta zauna.