Raƙumin Dawan A'i

A Urafane, in mutum ya shara ƙarya ba a ce masa maƙaryaci. Sai a girgiza kai a ce, "Raƙumin dawan A'i ke nan." Yara na faɗa, dillalan kasuwa na faɗa, kuma yawancinsu ba su san mai sunan tana nan da ranta ba, tana ɓarar wake a ƙofar ɗakinta.

Abin ya samo asali tun tana yarinya. An aike ta kai fura gona, ta dawo a guje, ba fura ba ƙwarya. Ta ce a bakin tabki ta ga raƙumin dawa, ya ware ƙafafun gaba ya rusuna wa ruwa kamar mai gaida surukai, harshensa kuma shuɗi kamar ya lashi baba. Maharba suka ce irinsa ya daɗe da ƙarewa a wannan ƙasa. Uwarta ta ce furar ta zubar, shi ne take neman mafaka. Aka sha dariya, dariyar kuwa ta ƙi ƙarewa.

A'i ta tsufa da abin, ta saba. Wanda ya fi ci mata rai shi ne ita kanta ta fara shakka. Wani lokaci tana kwance sai ta tambayi zuciyarta ko dai mafarki ta yi.

Rannan ɗanta Isiyaku, direba a tashar Tasawa, ya zo gida. Yana hira da abokinsa a zaure, abokin ya ƙara wa labari gishiri, sai bakin Isiyaku ya suɓuce. "Kai, raƙumin dawan A'i!" A'i kuwa tana bayan zana da kwanon tuwonsu a hannu. Ɗa ba ya kama sunan uwarsa ko da alheri, sai ga shi ya kama nata a kan ƙarya. Ta ajiye kwanon a hankali ta koma ciki. Shi kuwa ya kasa haɗa ido da ita har ya tafi.

A ƙarshen damina Isiyaku ya dawo da motarsa mai buɗaɗɗen baya. Wasu malaman lakwal na Tasawa, wato na makarantar boko, sun ɗauke shi ya kai su gandun dajin Gadabeji kafin hutu ya ƙare, don an ce an kawo raƙuman dawa can. Ya durƙusa nesa da uwarsa.

"Inna, akwai wuri gaba. Ki shirya mu tahi."

"Mi zan yi a dawa da tsuhwana?"

"Shan iska," in ji shi, kansa a ƙasa. Ta gane ban haƙuri ne, ta ɗauko mayafinta.

Tafiya ce ta mai ƙaramin ƙarfi: tabarmi, gidajen sauro, garin rogo, jarkokin ruwa da tukunya guda. Bayan Mayahi rairayi ya kama motar, malamai suka sauka da takalmansu masu ƙyalli suna turi, A'i na gaba tana yi musu sannu. Suka yi zango ƙarƙashin itatuwan aduwa. Da ta ɗanɗana shinkafar da malaman suka dafa, sai ta karɓe ludayin don ceton rayuka.

Ma'aikacin gandun da ke yi musu jagora ya ce ganin raƙumin dawa rabo ne. Sun ga barewa, sun ga zabin daji, sun ga dila. Da wani ya hango dogon wuya ya yi ihu, sai a tarar raƙumin makiyaya ne yana tuƙa abinsa. Duk da haka ba abin da ya tsira daga hoto, har wayoyin kowa suka mutu, ta Isiyaku ma da suka ara ta bi sahu.

Safiyar komawa A'i ta riga ta haƙura. Ta ce wa ranta, to, ƙila mutanen Urafane ne da gaskiya. Ana naɗe tabarmi Isiyaku ya ɗauki jarka zai ɗebo wa mota ruwa a wani tabki kusa, ita kuma ta bi shi da butarta don ta miƙe ƙafa.

Shi ya fara tsayawa cak. Daga bayan wata ƙaya abin ya fito, yana tafe a natse kamar ƙasar ta ubansa ce. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya matsa bakin ruwa, ya ware ƙafar gaba ɗaya, ya ware ɗayar, ya sauke dogon wuyan nan ya rusuna. Da ya ɗago, ya zaro harshe ya lashi hancinsa. Shuɗi ne.

Butar ta faɗi daga hannun A'i, kamar yadda ƙwarya ta taɓa faɗuwa. Hawaye ya zubo mata, ta bar shi ya zuba. Ta gode wa Allah da ya ja kwananta, ta gode wa waɗanda ba ta sani ba da suka kawo dabbar nan. Har suɓutar bakin ɗanta ta gode mata, don ita ta kawo ta nan.

Isiyaku ya lalubo waya yana dannawa. Ba ta kawo haske ba.

"Inna, ba sharji," ya ce, muryarsa kamar zai yi kuka. "Wa za ya yarda da mu?"

"Bar shi, ɗan nan. Ni na yarda, ya ishe ni."

"Wallahi sai na hwaɗa musu. Tsakiyar kasuwa zan tsaya, har harshen sai na hwaɗa!"

A'i ta share ido da bakin mayafi, ta dube shi, dariya ta ƙwace mata.

"Hwaɗa musu," in ji ta. "In sun yi ma dariya ka taho in koya ma haƙuri. Maƙaryatan Urafane yau mun zama biyu."